Zogale, alayyahu ko kabeji: wane ganye ne ya fi amfani a tukunya?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce gare ni zuwa ga masananmu. Akwai saƙon da ake ta turawa a WhatsApp wai zogale ya ninka lemon zaƙi sau bakwai a bitamin C, ya ninka madara sau huɗu a kalsiyam, ya ninka karas sau huɗu a bitamin A. Gaskiya ne? In gaskiya ne ai sai a huta da sayen karas da kabeji. Sannan tsakanin zogale, alayyahu, rama, kuka da kabeji, wanne ya fi dacewa da mai ciki da kuma yaron da ake shirin yayewa?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Saƙon yana da tushe, amma an yi masa gishiri. Alƙaluman sun fito ne daga wani tsohon jadawalin abinci na ƙasar Indiya, inda aka rubuta cewa giram 100 na ɗanyen zogale yana da miligiram 220 na bitamin C da miligiram 440 na kalsiyam. Jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka kuwa ya ba zogale miligiram 52 na bitamin C, wato kai ɗaya da lemon zaƙi mai 53, sai kalsiyam miligiram 185. Iri, ƙasar da aka shuka, shekarun ganyen da yadda aka auna duk suna sa lamba ta sauya, shi ya sa ba a riƙe mafi girma a ce ita ce gaskiyar kowane zogale.

Ga yadda suke a jadawalin na Amurka, kowanne a giram 100 ɗanye. Zogale: furotin giram 9.4, ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) miligiram 4, bitamin A maikirogiram 378. Wannan furotin ɗin shi ne ainihin abin da ya fi sauran ganyaye da shi, don alayyahu giram 2.5 kacal gare shi. Amma alayyahu ya fi shi kalsiyam, 215, yana da ayon 2.3, bitamin C 43, bitamin A 146. Lalo, wanda ba a cika yabonsa ba, yana da ayon 4.8 da kalsiyam 208 da bitamin A 278, kin ga a ayon har ya ɗara zogale. Kabeji na da bitamin C 37, amma ayon ɗinsa bai kai rabin miligiram ba, bitamin A kuwa 5 ne tak. Karas 835 ne a bitamin A, ya ninka ɗanyen zogale sau biyu, sai dai a ayon da bitamin C ba shi da abin kirki. Jan tattasai kuwa cike yake da bitamin C, 128, tumatir na biye da shi daga nesa da 14. Gurji da yalo ruwa ne da dusa, suna taimaka wa ciki amma kada a dogara da su.

Saboda haka karas bai fita daga cefane ba tukuna.

Anti Rabi:
Malam, na yarda da lambobinka, amma ka yi wa zogale rowa. Mu a asibiti garinsa ake magana, ba ɗanyensa ba. Kashi uku cikin huɗu na ɗanyen ganyen ruwa ne, in ya bushe komai sai ya taru wuri ɗaya: furotin ya haura giram 25 a giram 100, kalsiyam ya doshi miligiram 2,000, ayon ya wuce 20. Wane ganye ne zai ja da wannan?

Malam Nasiru:
Anti, duk ganyen da aka busar haka yake, lambarsa sai ta yi tsalle. Abin tambaya shi ne, wa ke cin giram 100 na garin zogale? Cokalin cin abinci ɗaya bai wuce giram 7 ba. A ciki akwai furotin ƙasa da giram 2, ayon kusan miligiram 2. Mai ciki tana buƙatar miligiram 27 a rana. Sannan ayon na ganye ba duka jiki ke tsotsa ba: na nama da hanta da kifi ana samun kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari, na tsirrai kuwa daga kashi 2 zuwa 20, kuma a abincin da tuwon gero ko dawa ya yi rinjaye, can ƙasa yake tsayawa, saboda sinadarin faitet da ke cikin dusar hatsi yana kama ayon ya hana shi shiga jini.

Wani abin kuma, ganyen da aka shanya a ƙasa yakan ɗebi ƙura, ita ƙurar akwai ƙarfe a cikinta. In aka kai ɗakin gwaji sai a ga ayon ya yi yawa, alhali wani kaso nasa daga ƙasa ne, wanda hanji ba ya tsotsa sosai.

Anti Rabi:
To a nan mun haɗu. Ni ma abin da nake jan kunnen mata a kai ke nan: zogale ba ya maye gurbin ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum. Babu kwanon kwaɗon da zai ba da wannan. A ci ganye, a sha magani, kuma kada a haɗiye ƙwayar da shayi. Tanin ɗin da ke cikin ganyen shayi yana riƙe ayon, na abinci da na magani duka. A bar aƙalla awa ɗaya tsakani.

Kuma a sani, bitamin B12 babu shi a kowane ganye. Sai ƙwai, nono, kifi ko nama.

Maman Ilham:
Na gode. To yaya za a yi ayon ɗin ganyen ya fi shiga jiki? Na ji an ce a matsa lemon tsami.

Malam Nasiru:
Dabarar ita ce a haɗa shi da bitamin C a cikin kwano ɗaya, a lokaci ɗaya. Miligiram 25 zuwa 50 a cin abinci guda yana iya ninka abin da jiki zai tsotsa. Lemon tsami yana taimakawa, amma ruwan ƙarami guda ɗaya bai kai miligiram 10 ba. Ɗanyen jan tattasai giram 40 da aka yanka kan kwaɗo ya ba ki 50. Gwaiba guda bayan abinci ta fi duka, tana da sama da 200 a giram 100. Garin ɗan kuka, wannan farin da ake damawa da nono, shi ma ya fi lemon zaƙi.

Kada tsami ya ruɗe ki. Tsamiya tsaminta har kunne, amma bitamin C ɗinta bai kai miligiram 4 ba. Ɗan kifi ko nama a miya, ko da kaɗan ne, shi ma yana jan ayon na ganyen ya shiga tare da nasa. Hatsin da aka jiƙa ya kwana ya yi tsami, irin gasarar koko, faitet ɗinsa yana raguwa, saboda haka koko ya fi tuwon da aka tuƙa da ɗanyen gari sauƙi a wannan fannin.

Hajiya Turai:
Duk kuna ta lissafin ɗanyen ganye, ni kuwa a tukunya nake ganin inda ake asara. Ku duba yadda aka saba dafa zogalen kwaɗo: a cika tukunya da ruwa, a jefa kanwa, a bar shi yana tafasa kusan awa guda har ya yi baƙi-baƙi, a tsiyaye ruwan a zubar, a matse, wasu ma su sake ɗauraye shi da ruwan sanyi. Bitamin C da folet, wato folik asid na cikin abinci, narkewa suke a ruwa, zafi kuma yana kashe su. Bayan wannan dahuwar abin da ya rage furotin ne da kalsiyam da dusa da wani kaso na bitamin A.

Yadda ya fi: a zaɓi ɗanyen ganye matashi, a zage shi daga tsinke, a wanke tun bai ga wuƙa ba. Ruwa kofi ɗaya ya ishi ganye cikin kwano babba. Sai ruwan ya tafasa a zuba, a rufe, minti 10 zuwa 15 ya isa matashin zogale. Alayyahu minti 3 zuwa 5. Turarawa a madambaci ta fi, shi ya sa dambun zogale ya fi kwaɗo riƙe amfaninsa. A miyar taushe kuwa, sai kabewa ta narke, gyaɗa ta dahu, mai ya taso, sannan a zuba alayyahu da yakuwa, a rufe a sauke. Zafin tukunyar zai ƙarasa su.

Yanka alayyahu tun da hantsi a jiƙa shi a ruwan gishiri har azahar, wannan ma zubar da kuɗi ne.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, a gafarce ni, a nan zan ɗan ja. Wurinmu zogale sana'a ce, daga Jiratawa buhu-buhu ake fitar da shi, dafaffe da busasshe. Wanda ke zuwa kasuwa yawanci tsohon ganye ne mai tauri da ɗaci, in ba a sa kanwa ba sai ya cinye itace bai yi laushi ba. Rama kuma in ba a zubar da ruwan farko ba, tsaminta ba ya ciwuwa. Mutane ba don jahilci suke yi ba.

Hajiya Turai:
Ban ce jahilci ba ne, ɗana. Amma a san abin da ake biya. Kanwa gishirin soda ce, tana sa ganye laushi da wuri ta bar shi kore shar, amma tana rusa bitamin C da B1. Ga sodiyam da take ƙarawa a kan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali ma'aunin gishiri na baligi a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi. Mai hawan jini ya lura. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Busasshen zogale a jiƙa shi minti 30 a ruwan ɗumi kafin a ɗora, a dafa shi a cikin ruwan jiƙon in an wanke shi tun farko. Zai yi laushi ba kanwa. In dole sai an sa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero biyu zuwa uku, a kuma rama asarar da ɗanyen tumatir da tattasai da albasa a kan kwaɗon.

Anti Rabi:
Maganar zubar da ruwa tana da fuska biyu. Alayyahu da yakuwa da rama suna da okzalet. Shi ne ke ɗaure kalsiyam, shi ya sa 215 ɗin da Malam ya faɗa na alayyahu ba duka ake samu ba. An auna a alayyahun Turawa, kusan kashi 5 cikin ɗari na kalsiyam ɗinsa ne ke shiga jiki, na madara kuwa kusan kashi 30. Kabeji kalsiyam ɗinsa 40 ne kawai amma ba shi da okzalet sosai, abin da ke ciki yana shiga. Tafasawa a zubar da ruwan tana rage okzalet ɗin da ke narkewa. Tunda okzalet na cikin abin da ke haɗa tsakuwar ƙoda, wanda aka taɓa samu da ita, shi zubar da ruwan ne alheri gare shi, ya kuma yawaita shan ruwa.

Haka mai ciwon ƙoda da likita ya hana fotasiyam. Alayyahu na da miligiram 611 a giram 100, ya fi ayaba. Irin wannan mara lafiya a yanka masa ganyen ƙanana, a dafa a ruwa mai yawa, a zubar. Wato daidai abin da Hajiya ta hana masu lafiya.

Masu shan warfarin, maganin tsinka jini, su kuma bitamin K ne damuwarsu, kuma alayyahu na da shi fiye da maikirogiram 1,000. Ba a ce su daina ci ba. Abin da ke kawo matsala shi ne a yi sati ba a ci ba, sannan a wayi gari a cinye kwano biyu. Su tsaya a kan ma'auni ɗaya, su sanar da likitansu.

Maman Ilham:
Allah ya saka. Saura na yaron. Wata takwas gare shi.

Anti Rabi:
A ci gaba da nono, sannan abin da za ki fi sa wa ido bitamin A ne da ayon. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar maikirogiram 300 na bitamin A a rana. Karas giram 40, wato ƙarami guda, ya biya. Kabewa mai jan ciki sosai giram 70. Dankalin Hausa mai ruwan lemo a ciki yana da kusan 700 a giram 100, farin kuwa kusan babu. Launi ne ma'auninki: kabewar da cikinta ya koɗe ba ta da abin da ja take da shi, haka ganyen kabeji na waje mai kore ya fi farin na ciki da ake rububi.

A dafa su yi laushi, a murƙushe, a sa ƙaramin cokali ɗaya na mai ko tunkuza a kwanon. Beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, kuma dafaffen karas ya fi ɗanye bayarwa domin zafi yana fasa ƙwayoyin da suka riƙe shi. Garin zogale a fara da rabin ƙaramin cokali a kunu bayan an sauke, a ƙara a hankali, in aka cika yana sa zawo. Kada a sa gishiri ko dunƙule. Kuma a kai shi karɓar ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa 59, duk bayan wata shida. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yana kuma sa ƙyanda ta yi tsanani.

Malam Nasiru:
Ƙari kan maganar mai. Jan manja shi kansa cike yake da beta-karotin, amma in aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya yi fari, an ƙone shi ke nan. A narkar da shi kawai a zuba albasa. Tumatir kuwa akasin ganye ne: laikofin ɗinsa, sinadarin da ke ba shi ja, ya fi fitowa in an soya shi da mai. Saboda haka kauɗar tumatir da na gwangwani ba su rasa wannan ba, bitamin C ne ya ragu. Abin dubawa a kauɗa shi ne ƙasa da fumfuna.

Malam Habu Mai Lambu:
Ku bari manomi ya sa baki. Lambar da ke jadawali ta ganyen da aka yanko yanzu ce. Alayyahun da aka yanka jiya da rana, ya kwana a buhu, ya wuni a rana a bakin titi ana yayyafa masa ruwa, bitamin C ɗinsa ya riga ya yi nisa. In ganye ya yi yaushi ya fara rawaya, a rage masa daraja. Yankan asuba ko na yamma ya fi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, kada a ƙulle a leda.

Wanda ba shi da firji ya yi tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Da rani take aiki sosai. Da damina iska na da laima, ruwan ba ya tashi, sanyin sai ya ragu.

Sai batun ruwan ban-ruwa. Lambunan da ke shan ruwan kwata, irin na bakin Jakara a Kano inda ruwan gari da na masana'antu ke gangarawa, ganyensu yakan ɗauki ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da ƙarafa masu guba. Dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, ƙarfen da ya shiga jikin ganye kuwa wanki ba ya fitar da shi. Latas da lansir da ake ci ɗanye su suka fi haɗari: a ware ganye ɗaya-ɗaya, a wanke a ruwa mai gudu, a jiƙa minti 10 a ruwan da aka sa wa binega, a ɗauraye. Gishiri kaɗai ba ya kashe komai, ƙasa yake sa ta kwanta. Mu manoma kuma, kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi kafin a yi yanka, a cika su.

Ɗan Maraɗi:
Ba wanda ya taɓo kuka, ita ce kuwa miyar talaka shekara zagaye.

Malam Nasiru:
Kuka tana da daraja, musamman a kalsiyam. A jadawalin abincin Afirka ta Yamma da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2012, ta sabunta a 2019, busasshiyar kuka ta haura miligiram 1,000 a giram 100. Amma mu sake komawa ga cokali. In tukunyar mutum shida ta ci giram 40, kowa ya samu kusan giram 7, wato kalsiyam miligiram 70 zuwa 100 daga cikin 1,000 da baligi ke buƙata. Taimako ne, tunda kullum ake ci. Bitamin C kuwa babu shi a garin kuka bayan shanya da tafasa. Daddawa da busasshen kifi mai ƙaya su ke cika miyar.

Babbar matsalarmu ma yawa ce. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 ne na kayan lambu da 'ya'yan itace ga mutum ɗaya a rana, ban da dankali da rogo da doya. Gidan mutum shida kilo 2.4 ke nan. Ƙullin alayyahu biyu a tukunyar gida guda bai kama hanya ba. Da damina kuwa tafasa da gasaya da yaɗiya da ganyen wake da ganyen dankali suna nan kusan kyauta. Faten tsaki da aka cika da rama da alayyahu har ganye ya fi tsaki yawa ya fi salak ɗin biki da aka tsoma a mayonis.

Hajiya Turai:
Tunda damina ce ake samun ganye, ga yadda ake shanya don rani. A wanke, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, a tsame a baza ya tsane. Wannan tsomawar tana kashe sinadaran da ke ci gaba da cin launi da bitamin A bayan an yanke ganyen. Zogale da kuka ba dole sai an tsoma ba, amma alayyahu da ganyen wake suna so. A shimfiɗa siriri a kan tabarma ko faifai a bisa gado, a rumfa ko ɗaki mai iska, a riƙa juyawa. Rana kai tsaye tana cinye beta-karotin, alamarta ganyen ya koma ruwan ƙasa. Wanda ya bushe daidai kore yake, yana marmashewa a hannu. Da rani kwana 3 zuwa 4, da damina ya fi haka, kuma a lura da fumfuna.

A adana shi ganye-ganye a roba ko kwalba mai murfi, nesa da haske, a riƙa daka na sati biyu kawai, domin gari ya fi saurin sanewa. Bayan wata shida a sake sabo.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, busasshiyar kuɓewa fa? Ita dai ba za ki raba mu da kanwa ba, yauƙi ake nema.

Hajiya Turai:
Yauƙin nata ne, kanwa tayar da shi kawai take yi. A daka ta lukwi, a rage ruwa, a kaɗa ta da maburgi bayan naman ya dahu, a bar tukunyar a buɗe minti 5. Abin da ke tsinka yauƙi tsami ne, don haka a rage tumatir, kuma kada a rufe ta tana tafasa. Ɗanyar kuma a goga rabi a yanka rabi, a zuba daga ƙarshe. In kana son ya fi haka, ƙara cokali ɗaya na garin karkashi ko lalo.